Shafe da Liƙin Jirgin Katako a Gulaben Sakkwato: Matakan Aikin da Dangantakarsa da Tsaron Rayuka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan aikin sabunta bayan jirgin ruwa na katako, wato kankare shi da liƙe mahaɗansa da shafe shi, kamar yadda aikin ya shafi jiragen fito da na su a gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Maƙalar ta bi sauyin da aka samu daga jirgin da ake sassaƙawa daga gungume guda zuwa wanda ake haɗawa da falankai, ta kuma nuna cewa sauyin ya ɗauke ƙarfin jirgi daga kaurin itace ya ɗora shi a kan mahaɗai da abin da aka shafa musu. An fayyace abubuwa huɗu da ke cin jikin jirgi, sannan aka jero matakai biyar na gyara tare da dalilin kowane. Matsayar maƙalar ita ce, shafen jirgi ɗan'uwan yaɓen soro ne, amfaninsa yana ga binciken da ake yi kafin a shafa, kuma fentin da aka ɗora a kan ruɓaɓɓen katako yana ƙara haɗari domin yana ɓoye alamar da ya kamata fasinja ya gani.

Fitilun kalmomi: jirgi, fito, sassaƙa, liƙi, shafe, Sarkawa

1.0 Gabatarwa

Mazaunin birnin Sakkwato, ko a Gidan Dare yake ko a Mabera ko a Runjin Sambo, yana iya shekara bai sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba, har ya ɗauka cewa harkar jirgi ta mutanen Yawuri ce da na Argungu. Sai dai birnin yana zaune ne dab da mahaɗar gulabe biyu, Rima da Sakkwato, kuma akwai ƙauyukan fadama masu kawo wa kasuwanninsa kifi da albasa da shinkafa waɗanda da damina sai an yi fito ake isa gare su. A watan Satumba na 2010, da ambaliya ta yanke hanyar da ta haɗa birnin da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a wajen Kwalkwalawa, ƙetarewa ta koma hannun masu jiragen katako har zuwa lokacin da aka samar da gadar wucin gadi.

Wannan dogaro yana tafe da asara. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya dare a kan kogin Kwara kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kabi, mutane fiye da ɗari suka salwanta, jami'an kula da hanyoyin ruwa kuma suka danganta abin da yawan lodi da tsufan jirgin. A watan Afrilu na 2022 mutum 29 suka rasu a ruwan Shagari cikin jihar Sakkwato, a watan Agusta na 2025 kuma wani jirgi ɗauke da masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Dalilan irin waɗannan haɗurra suna da yawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, iska, kututtukan da ke ɓoye cikin ruwa da rashin rigar kariya. Wannan maƙala ta keɓe ɗaya daga ciki, wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, wato lafiyar katakon da aka yi jirgin da shi da yadda ake tsare ta. Manufarta ita ce ta bayyana wa manazarci abin da mai gyaran jirgi yake yi, da dalilin yin sa a jere kamar yadda yake yi.

2.0 Jirgi a Ƙasar Sakkwato da Kabi

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajejen Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, sannan ruwan ya gangara ta Argungu da Birnin Kabi ya faɗa Kwara. A kan wannan ruwa ne daular Kabi ta kafu a ƙarni na 16 ƙarƙashin Muhammadu Kanta, wanda ya zauna a Surame. Tarihin baka na Kabawa ya ambaci wani babban jirgi na Kanta da aka lulluɓe da tagulla. Abin lura a wannan ruwaya shi ne, abin da ta zaɓa ta kwatanta girman jirgin sarki da shi, abin da aka rufe bayansa da shi ne.

Masu riƙe da sana'ar ruwa a wannan yanki su ne Sarkawa da masuntan Kabawa, kuma sarautar Sarkin Ruwa tana nan da ranta a garuruwan gaɓa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana da wasannin kabanci da suka haɗa da tseren kwale-kwale. Harshen kansa yana riƙe da shaidar daɗewar sana'ar. Kalmar jirgi asalinta na ruwa ne, daga baya aka faɗaɗa ta aka samu jirgin ƙasa da jirgin sama. Haka nan kalmar komi, wadda a Sakkwato ake cewa kwami, tana nufin abin da aka fafe daga itace domin shayar da dabbobi, tana kuma nufin ƙaramin jirgi, domin masassaƙi ɗaya ne da gizago ɗaya ke fitar da su duka biyu.

2.1 Daga Sassaƙaƙƙen Jirgi zuwa Haɗaɗɗe

Jirgin gargajiya gungume guda ne ake fafewa da gatari da gizago. Itatuwan da aka fi so su ne masu ƙwari irin su maɗaci da kawo. Irin wannan jirgi ba shi da mahaɗi ko ɗaya, saboda haka ruwa ba shi da ƙofar shiga sai idan itacen ya tsage. Jirgin Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, a yankin da yanzu yake cikin jihar Yobe, aka kuma tono shi a 1994, misali ne na wannan fasaha. Tsawonsa ya haura mita 8, daga dangin maɗaci aka sassaƙa shi, an kuma ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000.

Manyan itatuwan da za su ba da irin wannan gungume sun yi ƙaranci a arewa. Maɗaci da kawo duk sun shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, bisa shawarar taron da aka yi a Panama a 2022. Da gungume ya yi wuya, ga kuma buƙatar jirgin da zai ɗauki buhuna da babura da injin tuƙi, sai jirgin falanki ya mamaye manyan mashigai. Yawuri, a bakin tafkin da madatsar Kainji ta samar a 1968, ta yi suna wajen haɗa irinsa, mafi yawan katakon kuma daga dazuzzukan kudu ake kawo shi.

Haɗa jirgi da falankai daɗaɗɗen abu ne a kan Kwara. Matafiyin nan Bafaranshe, René Caillié, wanda ya bi ruwa daga Jenne zuwa mashigin Tambutu a 1828, ya bayyana manyan jiragen da aka ɗinke falankansu da igiya, waɗanda sai an ajiye mutane suna kwarfe ruwa daga cikinsu ba ƙaƙƙautawa. Ƙusa ta maye gurbin igiya, amma matsalar tana nan yadda take. Jirgin da aka haɗa da falanki goma yana da dogayen mahaɗai da ɗaruruwan hudojin ƙusa, kowane ɗaya kuma hanya ce ga ruwa. Ke nan, a sassaƙaƙƙen jirgi kaurin itace ne ke tsare rai, a haɗaɗɗe kuwa liƙi da shafe ne ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi.

3.0 Abubuwan da ke Cin Jikin Jirgi

Na farko shi ne kumbura da tsukewa. Itace, wanda Basakkwace ke kira icce, yana shan danshi yana kuma sakin sa gwargwadon yanayi. Idan danshin da ke cikinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin ɗari sai ya fara tsukewa, kuma tsukewar a faɗinsa take faruwa, tsawonsa kusan ba ya motsi. A Sakkwato wannan motsi yana da tsanani. Da hunturu iska kan bushe ƙarau, da bazara zafi kan haura digiri 40, sannan damina ta zo daga Yuni zuwa Satumba ta jiƙa komai. Falankin da ƙasansa ke cikin ruwa samansa kuma ke shan rana yana jan kansa ne ta fuska biyu, abin da ke jawo tsagewa da buɗewar mahaɗai da sassautar ƙusa.

Na biyu shi ne hasken rana. Haskenta yana rusa sinadarin liginin, wanda shi ne ke riƙe zaruruwan itace a manne da juna. Shi ya sa katakon da ba a shafe ba yake komawa ruwan toka, fuskarsa ta yi gashi-gashi, ruwan sama ya wanke abin da ya ruguje, rana ta sake kama sabuwar fuska. Sassan da suka fi shan wannan wahala su ne leɓen jirgi, wato katakon da aka kewaye bakinsa da shi, da goshinsa da ƙeyarsa da katakan zama.

Na uku shi ne ruɓa. Wata irin funfuna ce ke cin itace daga ciki, kuma tana buƙatar danshi da iska a tare. Itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba ya fi ƙarfinta, haka ma wanda ya nutse ƙwarai har iska ba ta isa gare shi, wannan ne sirrin daɗewar jirgin Dufuna a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wurin da ruɓa ta fi so shi ne tsakanin biyun: daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, da ƙarƙashin leɓe, da bakin katakan zama inda suka haɗu da bango, da cikin jirgi inda laka da ɓawon gyaɗa da kashin dabbobi ke taruwa su riƙe laima.

Na huɗu shi ne tsatsa. Ƙusar baƙin ƙarfe da ke cikin jiƙaƙƙen katako tana yin tsatsa ta sirance, tsatsar kuma tana lalata itacen da ke kewaye da ita har ya yi baƙi ya yi laushi. Daga waje kan ƙusar yana nan daram, a ciki kuwa ba abin da ta riƙe. Jirgin da ya dare gida biyu a tsakiyar ruwa sau da yawa daga irin waɗannan wurare yake farawa. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗannan abubuwa huɗu haka suke buɗe wa juna ƙofa: rana ta tsaga, ruwa ya shiga, ruɓa ta zauna, ƙusa ta saki.

4.0 Matakan Gyara

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan ƙurar hunturu ta kwanta, kafin ruwan farko, sa'ad da gulbi ya ja baya fito kuma ya ragu. Wannan shi ne lokacin da magina ke sabunta yaɓen soraye da makuba kafin damina, hikimar kuma ɗaya ce.

4.1 Fitarwa da Tsanewa

Ana jawo jirgi tudu, a wanke laka da gansakuka tun suna ɗanye, a kife shi a kan gumagumai domin kada ya taɓa ƙasa gara ta same shi, iska kuma ta ratsa ƙarƙashinsa. A inuwa ake so ya tsane. Jiƙaƙƙen katako ba ya karɓar fenti ko kwalta, amma wanda aka bari a tsakar rana makonni zai tsuke har mahaɗansa su wage. Masunta sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa sukan nutsar da sassaƙaƙƙen jirgin da ba a aiki da shi cikin ruwa maimakon su bar shi a kan yashi. Abin da ake nema shi ne fuskar katako ta bushe, cikinsa kuma kada ya ƙeƙashe.

4.2 Kankara da Bincike

Ana kankare tsohon fenti da busasshiyar kwalta da fuskar da rana ta cinye, da makankari ko gizago mara nauyi, a bi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana bin tsawon zaren itace. Ba a tsayawa sai launin itacen na asali ya bayyana. Wannan mataki shi ne zuciyar aikin, domin a nan ne kaɗai ake ganin jirgi tsirara. Mai gyara yana ƙwanƙwasa kowane falanki da ƙotar guduma: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa a dushe take. Yana soka tsinin wuƙa a wuraren da aka ambata a sama. Idan ta shige ba tare da an danna ba, ko itacen ya ɓare gutsi-gutsi maimakon ya fito da dogon sili, to ruɓa ta kama. Yana kuma duba baƙin zobe a kewayen kan ƙusa, ya zare 'yan kaɗan daga wurare daban-daban ya ga abin da ya rage na kaurinsu.

4.3 Cirewa da Sauyawa

Ruɓa ba ta da magani sai yankewa. Ana yanke wurin har a shiga cikin lafiyayyen itace, domin funfunar takan riga alamarta yin nisa. Sabon katakon da za a sa ya kamata ya zama busasshe kuma daga zuciyar itace, saboda farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba ya jure ruɓa ko da itacen maɗaci ne. Ana jirkita bakin tsoho da na sabo su hau kan juna, a tallafe su ta ciki. Ƙusar da aka yi wa rufin hana tsatsa ta fi ƙusar gini tsada, amma ita ce ta dace da ruwa. Leɓen jirgi yana da matsayi na musamman a nan. Shi ne ke shan gugar filafili da sandar tuƙi da igiyar taru da buhunan da ake jan su a kansa, shi ne kuma ke ɗaure bakin falankan sama ya hana jirgi buɗewa. An yi shi ne domin ya ci wahala a sauya shi, kuma kafin a buga sabo ana shafe ƙarƙashinsa da wurin da zai zauna, tun da bayan an buga burushi ba zai sake kai wa can ba.

4.4 Liƙi

Ana zaƙulo tsohon abin da aka cusa a mahaɗai, a share ramin, a murɗa auduga ko tsumma ko zaren buhu a cusa da ƙarfe mai dakusasshen baki ana bugawa a hankali. Gwaninta tana ga sanin iyaka. Idan an cusa sako-sako ruwa zai wuce, idan kuma an danƙara da yawa, ranar da katako ya sha ruwa ya kumbura ba zai sami wurin motsi ba, sai ya ture ƙusa ko ya fasa bakin falanki. A kan audugar ake zuba narkakkiyar kwalta ta rufe. Inda tsaga ta yi faɗi, akan shimfiɗa tsumma mai kwalta a ɗora sillen kwano ko langa-langa a bi shi da ƙananan ƙusoshi. Wannan faci yana tsayar da yoyo, sai dai yana riƙe danshi a ƙarƙashinsa, don haka wajibi ne a ɗaga shi a duba a gyara na gaba.

4.5 Shafe

Kowane sashe da abin da ya dace da shi. Ƙasan jirgi har zuwa ɗan sama da inda ruwa ke tsayawa kwalta ce ta fi dacewa da shi, domin ruwa ba ya ratsa ta kuma tana miƙewa tare da motsin katako. Illarta ita ce baƙinta yana jan zafi, tana narkewa a rana ta ɓata tufafi da kaya, shi ya sa ba ta dace da leɓe da wurin zama ba. Waɗannan fentin mai ake yi musu, mai haske ya fi, saboda launin da ke cikin fenti shi ne ke tare hasken rana. Shafin farko ana tsinka shi domin ya shige cikin itace, a bar shi ya bushe, a goga samfefa sama-sama, a ƙara na biyu da na uku. Siraran shafi uku sun fi kauri ɗaya, wanda samansa ke bushewa cikinsa yana ɗanye har ya yamutse. Bakin katako inda zarto ya yanke yana shan ruwa fiye da gefensa nesa ba kusa ba, saboda haka ana ƙosar da shi da fenti har ya daina sha. Da safe bayan raɓa ta ɗauke ko da la'asar ake shafe, ba a kan katakon da rana ta gasa ba. Fenti kuma ba ya zama a kan kwalta, baƙinta yakan huda shi ya fito.

Akwai masu shafa baƙin man inji domin arha. Yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma ba ya bushewa, yana sa santsi a inda fasinja ke taka ƙafa, yana hana fenti kamawa daga baya, yana kuma zuba dattin ƙarafa cikin ruwan da ake sha ake kuma kamun kifi. Man kaɗe da man gyaɗa ba su da wannan guba, sai dai su ma ba sa daskarewa su zama fata, don haka sai an yi ta maimaitawa. A Turai da Amurka masu jiragen shaƙatawa sukan yi wa katakon ado na bakin jirgi shafin man ƙyalli mai nuna zanen itace, hawa shida ko fiye. Irin wannan shafi ba ya daɗewa a ranar Sakkwato, domin haske yana ratsa shi ya ci itacen da ke ƙarƙashi har ya ɓamɓare. Ƙa'idar da ta haɗa masu gyara na can da na nan ita ce, ba a ɗora sabo sai an kai ga lafiyayyen itace.

Bayan an mayar da jirgi ruwa yakan yi ɗan yoyo na kwana ɗaya ko biyu kafin katako ya kumbura ya matse liƙin. A wannan tsakani ba a ɗora masa fasinja.

5.0 Shafe Mai Kariya da Shafe Mai Ɓoyewa

Daga cikin matakan nan biyar, na ƙarshe ne kaɗai ido ke gani, shi ne kuma mafi sauƙi. Huɗun farko suna cin kwanaki, kuma kowace rana da jirgi ya yi a tudu rana ce da ɗan fito bai karɓi kuɗin fito ba. Sau da yawa kuma mai jirgin daban, mai tuƙa shi daban: wanda ya san inda yoyo yake ba shi ke da ikon kashe kuɗi ba, wanda ke da ikon kuma ba ya shiga jirgin. Wannan ne ke sa a tsallake kankara da bincike a wuce kai tsaye ga gwangwanin fenti.

Sakamakon haka ya fi barin jirgin yadda yake muni ta fuska biyu. Ta fuskar itace, fentin da aka shafa a kan jiƙaƙƙen katako yana kulle danshi a ciki, ruɓa ta samu ɗaki mai ɗumi. Ta fuskar mutane, matar da ta zo mashigi da kayanta ranar kasuwa ba ta da abin auna jirgi sai idonta. Jirgin da ya koɗe ya yi toka-toka yana gaya mata gaskiyar shekarunsa, tana iya jiran na baya. Wanda aka yi wa sabon shuɗi da ja a kan ruɓa ya ƙwace mata wannan dama. Irin wannan kyau ne Hausawa ke kira kyan ɗan maciji.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, gwamnatin tarayya kuma ta sha yin kira da a maye gurbin jiragen katako da na roba mai ƙarfi ko na alminiyam. Kafin wannan buri ya isa kowane mashigi a Goronyo da Wurno da Silame da Shagari, jirgin katako ne zai ci gaba da ɗaukar mutane. Abin da ke hannu a yanzu shi ne a mayar da fitar da jirgi tudu sau ɗaya a shekara ƙa'ida, a kuma duba shi bayan an kankare, kafin a shafe. Sarakunan ruwa, waɗanda suka san kowane jirgi da mai shi a mashiginsu, su ne suka fi kusa da iya tsayar da wannan ƙa'ida.

6.0 Rabon Manazarta Hausa

Wannan fage yana da abin da zai ba nazarin harshe da al'ada. Sunayen sassan jirgi da aka yi amfani da su a nan, kamar leɓe da goshi da ƙeya, an aro su ne daga sassan jikin mutum, hanyar da Hausa ta saba bi wajen raɗa wa sassan abubuwa suna, kamar bakin tulu da wuyan riga da gindin itace. Kayan aikin kuma sun kasu gida biyu a fili: gatari da gizago da ƙaro na gado, fenti da burushi da samfefa da kwalta da falanki na aro daga Ingilishi. Wannan rabuwa kaɗai tana ba da tarihin sauyin da aka bayyana a sashe na 2.1. Tattara kalmomin sana'ar daga bakin masassaƙa da Sarkawa a Kwalkwalawa da Argungu da Yawuri, tare da kwatanta su da na Zabarmawa da Nufawa da suke tarayya a ruwa ɗaya, aiki ne da zai amfani masu ƙamus. Zai kuma amfani masu wayar da kai, domin gargaɗin da aka yi wa ɗan fito da kalmomin sana'arsa ya fi saurin shiga kunnensa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa komawa daga gungume zuwa falanki ta sa rayuwar jirgi ta rataya a kan mahaɗai da ƙusoshi da shafe, a yankin da hunturu da bazara da damina ke jan katako ta ko'ina. Ta bayyana cewa tsukewa da rana da ruɓa da tsatsa suna aiki ne a tare, kuma matakan gyara biyar an jera su ne domin kowane ya share wa na gabansa hanya. Shafe shi ne na ƙarshe, darajarsa kuma tana zuwa ne daga abin da aka yi kafinsa. Al'ummar da ta san cewa soron da ba a yi wa yaɓe ba ba ya kai ƙarshen damina lafiya tana da tushen fahimtar wannan aiki. Abin da ya rage shi ne a ba jirgin fito, wanda ke ɗaukar mutum ashirin ko hamsin a kan ruwa mai zurfi, irin kulawar shekara-shekara da ake ba ɗakin kwana.